Mega Goma Sha Ɗayan da Kawu Ya Ƙi Rantsuwa a Kansu

Ɓarawo aka kira ni a gaban mutum tara, kuma wanda ya kira ni hakan mijin yayata ne. Yau shekara biyu da 'yan watanni. Cewa aka yi na saci ƙwaƙwalwar kwamfuta ashirin a cibiyar da 'yan kasuwar hatsi suka buɗe wa 'ya'yansu a nan Kaura Namoda. Aka karɓe makulli daga hannuna, na koma kabu-kabu ina da shekara arba'in da shida. Ban sata ba. Mutum ɗaya ne duk garin nan ya iya nuna haka da biro da takarda, shi ne Kawu, wan mahaifiyata, kuma ranar Alhamis ɗin da ta wuce muka kai shi makwancinsa. Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu koma.

Ni ba marubuci ba ne, a aji uku na sakandare na tsaya. Amma in ban rubuta ba, abin da mutane za su riƙe a kan Kawu shi ne abin da mijin yayata ya faɗa a zaman makoki, kuma ƙarya ce.

Ina hanyar Shinkafi labarin ya same ni, ranar kasuwa, na goyo wani dillalin awaki. Waya ta yi ta rawa a aljihuna har na gaji na ɗauka. Matata ce. Ta ce, "Kawu ya faɗi." Na ce, "Ya faɗi ina?" Ta ce, "Ka juyo dai. An ce bayan la'asar za a yi salla." Na taka birki a tsakiyar daji, ban ma san na taka ba. Dillalin ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, don Allah, wurin ga ba wurin tsayawa ba ne." Sai da ya faɗa sau uku na gane da ni yake.

Babu wanda ya yarda da farko. Mai shayin bakin tasha ya ce shi da hannunsa ya haɗa wa Kawu shayi da safe, har ya yi masa faɗan sukari ya yi yawa. Maƙwabcin shagonsa, wani Kirista mutumin Filato da suka shekara ashirin shago na kallon shago, shi ya same shi bayan azahar: kansa a kan tebur, tabarau a hanci, sukudireba a hannu. Ya ɗauka gyangyaɗi yake. Mutumin nan ya wuni a kan benci a ƙofar gidan makoki, duk wanda ya zo sai ya ce masa, "Ban taɓa sukurorin ba. Suna nan yadda Baba ya jera su." Tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa biyu suka zo daga Zurmi, ɗaya da sanda, ya yi ta tambaya, "Shi ɗin? Shi da ba ya ko mura?" Ranar Juma'a wata malamar firamare ta taso tun daga Sakajiki ta karɓi kwamfutarta da ta bar masa gyara. Ba ta ji ba. Ta ga shago a rufe, aka gaya mata, ta zauna a ƙasa nan bakin titi da hijabinta, ta kasa tashi.

A wannan Juma'ar mijin yayata ya yi maganarsa. Babban ɗan kasuwar hatsi ne, Alhaji, shi ne kuma shugaban kwamitin cibiyar. Yana zaune a kan darduma ta gaba, ya gyara babbar riga ya ce, "Allah ya jiƙan mai gaskiya. Wanga bawan Allah ko ɗan ƙanwarsa bai rufa wa asiri ba. Anka ce ya rantse yaron bai sata ba, ya ƙiya." Mutane suka gyaɗa kai. Wasu suka saci kallona. Tabarma uku ce tsakanina da shi. Yaro, wai, ni da furfura a gemu.

Bari in faɗi waye Kawu.

Ma'aikacin sigina ne a tashar jirgin ƙasa tun ina ƙarami. Da jirgi ya daina zuwa, abokansa suka koma gona, shi ya sayi tebur ya fara gyaran rediyo. Daga rediyo ya koma talabijin, daga nan ya shiga kwamfuta yana da shekara sittin, ba malami, sai tsofaffin littattafai da gilashin ƙara girman rubutu. Tambayarsa ɗaya ce a duniya: "Ina sauran?" In ya kwance sukurori takwas ya ga bakwai, ba zai ci abinci ba sai na takwas ya fito. In matarsa, wadda muke kira Inna, ta ce gishiri ya ƙare, sai ya ce, "Ina sauran na jiya?" Ita kuma ta ce, "Yana cikinka, Malam." Yana da littattafan rubutu na 'yan makaranta, kowace na'ura da shafinta: abin da ta zo da shi, abin da ya cire, abin da ya mayar. A ƙasan kowane shafi sai ya ja layi da rula ya rubuta, "Saura," ya sa abin da bai gano ba. Har rediyon mutanen Galadi da suka gudo gari, waɗanda yake gyara musu kyauta, sai da ya buɗe wa kowace shafi.

Da mahaifina ya rasu na bar makaranta, shi ya zaunar da ni a shagon. Ba ya yabo. Iyakar yabonsa shi ne ya duba aikinka ya yi shiru.

Ranar da na fara ganin abin da daga baya ya ci ni, wata kwamfuta ce aka kawo. An rubuta giga huɗu a jikin sandar ram, wato ƙwaƙwalwar da na'ura ke aiki da ita, amma da na kunna sai ta nuna uku da ɗigo bakwai. Na ce, "Kawu, an cuci mai kayan nan." Ya yi dariya har tabarau ya zame.

Ya ce, "Kana tuna jirgin gyaɗa? Taragon ƙarshe, mi ke cikinsa?"

Na ce, "Babu komai. Gadi ne kawai da fitilarsa da takardu."

"Yana da nauyi ko ba shi da? Yana cin layi ko ba ya ci?"

"Yana ci."

"To cire shi, ka ce asara ne. Wa zai san buhun wa ke tarago na nawa?"

Ya ce ita ma na'ura tana da nata gadin, zuciyar manhajar da ke tafiyar da ita. Masu ilimin suna ce masa kanel, shi Gadi yake ce masa. Gadi yakan yanka ƙwaƙwalwa ƙanana-ƙanana, shafi-shafi, kowane shafi ya yi masa kati: na wane ne, a cike yake ko babu komai. Katunan nan kuwa ba a iska suke zaune ba, a cikin ƙwaƙwalwar suke cin wuri. Ya ce, "Duk tiya sittin da huɗu, ɗaya ta katunan ce. Shi kansa Gadi yana son wurin zama. Allo yana ɗaukar nasa. Ba sata ba ce, ladan tsaro ne. Amma kada ka taɓa cewa ladan tsaro ne sai ka nuna nawa ne, kuma wa ya ɗauka."

Da aka buɗe cibiya, yayata ta roƙi mijinta ya ba ni kula da na'urori. Shekara uku ina riƙe da makulli. Ni ke share su, ni ke ta da janareta, ko linzamin kwamfuta ɗaya bai ɓata ba. Sai wata rana ƙanin Alhaji ya shigo yana latse-latse, ya ga uku da ɗigo bakwai, ya duba ta biyu, ya duba ta uku, ya ruga ya gaya wa wansa.

Alhaji a kasuwar hatsi ya girma. Ya san ɓarayin buhu, masu soka ƙarfen nan mai rami su zare tiya ɗaya a kowane buhu, har buhu ashirin su haifi rabin buhu ba a gane ba. Da wannan idon ya dubi kwamfuta. Ya ce kowace ta rage mega ɗari uku da wani abu, sau ashirin giga shida ke nan, sandar ram ɗaya da rabi. Ya ce na tsotse kaɗan-kaɗan na kai Shinkafi na sayar. Na kwance na'urori a gabansu na nuna musu sandunan da lambarsu. Ya ce, "Lamba takarda ce, liƙa ta akai." Mutum takwas na kwamiti, duka 'yan hatsi, suka ga maganarsa ta hau daidai da abin da suka sani.

Ni na ce a kira Kawu. Kwana biyu ya yi a ɗakin, ya fito da littafinsa. Ya tsaya a gabansu ya karanta kamar mai kiran sunayen tasha. Giga huɗu mega dubu huɗu da casa'in da shida ne. Abin da bai bayyana ba ɗari uku da shida. Allo ya ɗauki ɗari da ashirin da takwas. Katunan shafuka sittin da huɗu. Abin da na'ura ke killacewa tun kafin Gadi ya farka, hamsin da bakwai. Gadi kansa, arba'in da shida. Na ji iska ta fara shiga ƙirjina. Sai ya ja numfashi ya ce, "Saura goma sha ɗaya."

Alhaji ya miƙe zaune. Ya ce, "Ina suke?"

"Ban gano ba tukuna."

"Za ka rantse babu abin da ya ɓata?"

Kawu ya ce, "Zan rantse ba a sukar ram kamar buhu. Zan rantse ɗan ƙanwata ba ɓarawo ba ne, ni na raine shi. Amma in rantse na san inda kowane mega ya tafi, a'a. Saura sha ɗaya."

Abin da ya faɗa ke nan, ina wurin, mutum tara suna wurin. Alhaji ya juya ga kwamiti ya ce, "Kun jiya. Ko kawunsa ya ƙi rantsuwa." Kafin la'asar makulli ya bar hannuna, kafin mako ya zagayo yana hannun ƙaninsa.

A ƙofar cibiyar na tare Kawu. Na ce, "Sha ɗaya, Kawu! Cikin dubu huɗu!"

Ya ce, "Sha ɗaya ne dai."

"Da ka ce sun shiga wurin Gadi, wa zai sani?"

"Ni."

Na ce masa ya fi son littafinsa da jinin ƙanwarsa. Na ce da uwata tana da rai da ba zai iya kallon idonta ba. Wallahi na faɗa, a bakin titi, masu sayar da rake suna ji. Bai ɗaga murya ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya ce, "Ba ni lokaci." Na hau babur na tafi. Tun ranar ban sake taka shagonsa ba. In na hango shi a masallacin Juma'a sai in canza sahu. Da salla matata ta kai masa abinci, ni ban je ba.

Shekara biyun nan ba sai na ba da labari ba. Wanda aka taɓa kira ɓarawo a garinsu ya san yadda fasinja ke matse jakarsa a cinya in ya gane ka. 'Yata aka fasa nema saboda wannan. Yayata in mun haɗu sai ta yi ta tambayar lafiyar yara da sauri-sauri don kada a zo kan maganar.

Ranar Asabar da safe, kwana biyu da rasuwa, Inna ta aiko in shigo ciki. Tana zaune a kan tabarma da carbi, idonta ya kumbura. Ta tura mini wani gwangwanin biskit da bayan hannunta ta ce, "Naka ne. Ya ce ko ba ka zo ba a ajiye maka."

Littafi ɗaya ne a ciki, an rubuta sunana a bango. Shafukan farko lissafin ranar kwamiti ne. Sauran duka neman sha ɗaya ne. An hana shi shiga cibiya, don haka ya nemo irin na'urar sak a wurin maƙwabcinsa mutumin Filato, matacciya, ya tashe ta. Rubutun nan da ke gudu a baƙin allo in an kunna na'ura, wanda ido ba ya iya kamawa, shi ya riƙa ɗauka a hoto da waya, ya zauna da gilashinsa yana kwafewa layi-layi da Turancinsa na ma'aikacin jirgi. Shekara ɗaya da rabi. Wani shafin ya soke shi duka ya rubuta, "Ba haka ba ne." A kusa da ƙarshe ya gano su: taswirar da Gadi ke bi ya nemo kowane shafi, da jerin da yake ajiyewa don saurin bincike, da ɗan wurin da yake ware wa kowane sashe na injin lissafin na'ura. Ya tara, suka ba da sha ɗaya cif. Ya ja layi da rula. "Saura: babu."

Na ɗauka nan ne ƙarshe. Na juya shafi.

"Talata bayan ƙaramar salla. Na kai wa shugaba kwafi. Ya karɓa, ya ce zai tara kwamiti."

"Na koma wurin shugaba. Ya ce ana hidimar kaka."

"Na koma. Ya ce a bar maganar, ta wuce, tayar da ita zubar da girma ne."

A tsakaninsu akwai layi biyu. "Na je gidan ɗana. An ce ba ya nan." Na biyun kuma: "Na je gidan ɗana. An ce ba ya nan. Babur ɗinsa yana ƙofa."

Ina ciki duka biyun. Ni na ce a ce ba na nan. Na ji sallamarsa ta taga, na ji tarinsa, na ji takalminsa yana komawa.

Na ce, "Inna, me ya hana ya aiko ki? Me ya hana ya ba matata?"

Ta ce, "Na ce masa haka. Ya ce a gaban mutum tara anka ɓata ka, a gaban mutum tara za a wanke ka, takarda a aljihu ba ta wanke kowa. Ya ce kuma shi ke da bashin kallon idonka, ba ni ba." Ta share fuska. "Fitilar babur ɗinka da maƙwabcinsa ya gyara maka bara bai karɓi komai ba, kana tsammanin shi ya iya wayarin? Ta ƙofar baya anka kai wa kawunka."

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Wata bakwai ke nan takardar da ke wanke ni tana gidan mijin yayata. Wata bakwai yana gaisawa da Kawu a masallaci. Sannan ya zo ya zauna a kan dardumar makokinsa ya mai da gaskiyar mutumin sanda ya ƙara duka na da ita, ranar da ya tabbata mai littafin ba zai tashi ya ce ba haka na faɗa ba.

Ranar Lahadi aka yi addu'ar uku. Bayan an shafa, mutane ba su watse ba, shida daga cikin 'yan kwamiti suna nan, ga tsofaffin jirgi, ga mutumin Filato a kan bencinsa. Alhaji ya tashi yana neman takalmi. Na sha gabansa da littafin a hannu.

Ya ce, "A'a, ƙanena. Ya ƙarin haƙuri?"

Na buɗe shafin na ce, "Alhaji, ka san wannan rubutun?"

Ya kalla, ya kau da kai. Ya rage murya ya ce, "Wanga ba wurinsa ba ne. Ka zo gida mu yi magana. Ana zaman makoki, a yafi juna."

Wani dattijo ya kama hannun rigata. Na zare. Na karanta layukan nan uku da ƙarfi, yadda Kawu ke karanta nasa, na karanta biyun da suka shafe ni ma, ban tsallake ba. Sannan na dubi Alhaji na ce:

"A nan ka yi masa ƙarya, a nan za ka ji. Kawu bai ƙi rantsuwa a kaina ba, a kan mega sha ɗaya ya ƙi, ya kuma kwashe shekara ɗaya da rabi yana neman su da idon tsufa har ya same su. Kai ka rantse a kan ɗari uku da shida da safiya ɗaya, ba ka san ko ɗaya ba. Ba na son makullinka, bar wa ƙaninka. Na yi lissafi yadda ya koya mini. Zuwa biyu da ya yi ƙofata na ɓuya, nawa ne, zan ɗauka har kabarina. Maganar da na gaya masa a bakin titi, tawa ce. Sunana, da auren 'yata, da wata bakwai da ka danne takardar, da tsohon da ya mutu yana jiran ka tara mutum tara, naka ne, kuma ban yafe ba. Na duba ko akwai wanda zai taya ka ɗauka, Alhaji. Saura babu."